Sunan Gari Dukiya Ne: Darasi Daga Runka Da Dajin Rugu

Hausawa suna cewa suna linzami ne. Wannan magana ba a kan mutum kaɗai ta tsaya ba. Gari ma yana da suna, kuma sunan nan yana jan sa gaba ko ya ja shi baya. Idan aka ambaci Kano, sai ciniki ya faɗo wa mutum a rai. Idan aka ce Argungu, sai a tuna da kamun kifi. Katsina kuwa ana yi mata kirari da ɗakin kara, saboda karamci da girmama baƙo.

To, idan aka ambaci Runka, ko Safana, ko Batsari a Kano ko a Kaduna, me mutane suke tunawa? Kowa ya san amsa. Shekara da shekaru, rediyo bai cika ambaton waɗannan garuruwa ba sai an kai hari ko an sace mutane. Alhali kuwa a da ba da wannan aka san su ba.

A wannan wata za mu duba yadda gari yake samun suna, da masu sa masa sunan, da kuma yadda ake gyara shi idan ya ɓaci. Hannu uku ne suke wannan aiki: gwamnati, 'yan kasuwa, da mutanen gari su kansu.

Daji ɗaya, suna iri iri

Runka tana cikin Ƙaramar Hukumar Safana, a bakin Dajin Rugu. Wannan daji babba ne ƙwarai. Ya taɓa Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ƙanƙara, ya kuma shiga Jihar Zamfara. Dajin bai taɓa tashi daga inda Allah Ya ajiye shi ba. Amma yadda mutane suke kallonsa ya sake sau da yawa.

Kafin zuwan Turawa, yammacin ƙasar Katsina bakin dāga ne. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarakunan Katsina na dauri sun koma Maraɗi, kuma an daɗe ana kai wa juna yaƙi. Mayaƙa ta cikin daji suke biyowa. Garuruwa irin su Ruma sun zama garkuwa, kuma a nan aka yi jarumai irin su Ɗanwaire, wanda har yau ake ba da labarinsa. A wancan zamani an san yankin da jarunta da farauta.

Turawa sun shigo Katsina a 1903. Yaƙe-yaƙe suka tsaya, mutane suka soma komawa daji suna saran gona. Daga baya hukuma ta shata iyaka, ta ce wannan yanki gandun daji ne. Aka kira shi gandun Ruma da Kukar Jangarai. Aka sa malaman daji suna tsaronsa. Ba a sare itace ko a yi gona a ciki sai da izini.

A shekarun 1960 sai gwamnatin Jihar Arewa ta ba wurin sabon aiki. Ta mai da shi makiyaya ta gwaji, da taimakon hukumar ba da agaji ta Amurka. Aka gina madatsun ruwa domin dabbobi su sha. Aka tsara inda za a yi kiwo. A 1965 aka kafa dokar keɓe wuraren kiwo a Arewa. A lokacin, idan ma'aikatan dabbobi suka ce Runka, suna nufin wurin da ake zuwa koyon kiwon zamani. Masana har rubuce-rubuce suka yi a kan wurin.

Sai aka yi sakaci. Madatsun ruwa suka cike da ƙasa, ba a yashe su ba. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci burtali da mashaya. Rigima tsakanin manomi da makiyayi ta yawaita, kuma ba kullum ake yanke hukunci da adalci ba. Satar shanu ta yi ƙarfi. Bindigogi suka shigo. Ramuwar gayya ta biyo baya, mai laifi da marar laifi duk ta shafa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Da haka dajin da aka sani da nono da man shanu ya zama ana kiransa maɓoyar 'yan bindiga.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya a nan. Kowane suna da dajin ya samu, aikin da ake yi a cikinsa ne ya jawo shi.

Hannun gwamnati

Gwamnati tana da ikon da ba wanda yake da shi. Tana iya sake wa wuri suna da takarda guda. Tana iya shata iyaka, ta ce daga yau nan hedikwata ce.

Dattijon da aka haifa a Runka a 1950 misali ne. An haife shi a Lardin Katsina, cikin Jihar Arewa, a ƙarƙashin En'e. A 1967 aka ce masa yana Jihar Arewa ta Tsakiya. A 1976 aka ce Jihar Kaduna, kuma a shekarar ce aka kawo tsarin ƙananan hukumomi a madadin En'e. Ranar 23 ga Satumba 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Katsina. Ga shi mutum bai bar gidan ubansa ba, amma sunan jiharsa ya sake sau uku. Yau Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, ciki har da Safana da Batsari.

Irin wannan sauyi ba a takarda yake tsayawa ba. Garin da aka mayar hedikwatar ƙaramar hukuma yakan sami sakatariya da ofishin 'yan sanda da ma'aikata masu albashi. Masu albashi suna bukatar gidan haya da abinci. Sai kasuwa ta buɗe. Ku dubi Dutsinma, maƙwabciyarmu. A 2011 gwamnatin tarayya ta kafa jami'a a can. Ɗalibai da malamai suka zo daga jihohi da yawa. Gidaje da shaguna suka ƙaru, filaye suka yi daraja. Yanzu mutumin Legas ma yana iya sanin sunan Dutsinma saboda ɗansa yana karatu a can.

Babban misali a ƙasar nan shi ne Abuja. Asalin Abuja garin Hausawan Zazzau ne, wanda Sarki Abu Ja ya kafa a 1828. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi yankin domin gina sabon babban birnin Nijeriya. Sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birni. Tsohon garin kuma aka sa masa Suleja, daga sunan sarkinsa Sulaimanu Barau. Ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tashi daga Legas ta tare a Abuja. Yau duniya duka ta san Abuja, amma ba kowa ya san cewa sunan aro ne ba.

Sai dai akwai inda ikon gwamnati yake tsayawa. A 2009 ministar watsa labarai, Farfesa Dora Akunyili, ta fito da shirin gyara sunan Nijeriya a idon duniya. Aka yi wa ƙasa kirari da Turanci, mai ma'anar mutanen kirki, ƙasa mai girma. Aka yi ta talla a rediyo da talabijin. Mutane da yawa suka ce kirari ba zai kawo wutar lantarki ba, ba zai hana cin hanci ba. Ba a daɗe ba aka daina jin shirin. Ko an shafa wa bango farar ƙasa, idan tubalinsa ya jiƙe, damina za ta tona asiri.

Hannun 'yan kasuwa

Ɗan kasuwa ba ya sa wa gari suna da doka. Da ƙafarsa da bakinsa yake yi. Inda ya sayi kaya mai kyau, zai faɗa a wata kasuwa. Inda aka cuce shi, nan ma zai faɗa.

Kano ta daɗe da ciniki, amma zuwan jirgin ƙasa a 1911 ya ƙara mata wani suna. Kamfanoni suka zo sayen gyaɗa. Aka riƙa tara buhuna kamar duwatsu, ana kiransu dalar gyaɗa. Hotonsu ya zaga duniya. A shekarun 1970 fari da cutar gyaɗa suka zo, hankalin gwamnati kuma ya koma kan man fetur. Dalar gyaɗa ta ɓace. Kano ba ta faɗi ba, domin tana da sana'o'i da yawa. Garin da ya dogara da abu ɗaya kuwa, ranar da abin ya tafi, da sunan garin yake tafiya.

A jiharmu, Funtuwa ta bunƙasa ne da auduga. Jirgin ƙasa ya iso can a ƙarshen shekarun 1920, aka kafa injin gurzar auduga, baƙi suka zo neman abinci suka zauna. Ɗanja ta yi suna da tumatir da rake. Mai'aduwa da Caranci sun yi suna da kasuwar dabbobi. Batsari kuwa an san ta da rogo. Idan mai talla a birnin Katsina ya ce rogonsa na Batsari ne, yana ara wa kayansa darajar garin ne. Babu gwamnan da ya sa hannu a kan wannan suna. Manoma ne suka gina shi, shekara bayan shekara.

Irin wannan suna yana da wuyar samu, amma yana da saurin zubewa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Idan mutum biyu ko uku suka riƙa zuba tsakuwa a ƙasan buhun gero, ko suka tsarma ruwa a nono, ko suka bubbuga gindin tiya, ba sunansu baƙo zai riƙe ba. Cewa zai yi, kayan garin kaza ba su da kyau. Daga nan sai a karya farashin kowa.

Abin da mugun suna yake jawowa

Wani zai ce, ina ruwana da abin da ake faɗa a birni? Ni dai in sami abin da zan ci. To, abin da ake faɗa a birni yana shiga har cikin tukunyarka.

Idan direba ya ji tsoron hanya, ko dai ya ƙi zuwa, ko ya ninka kuɗin mota. Idan manyan 'yan kasuwa suka daina zuwa, sai manomi ya sayar wa mutum ɗaya da ya zo, a farashin da shi mai sayen ya ga dama. Taki da gishiri da sabulu kuma su iso da tsada. Malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti idan aka turo su, sai su nemi a sake musu wuri. Saurayin da ya je neman aiki a wani gari, da ya faɗi garinsu sai a yi masa wani irin kallo. Bafulatanin da bai taɓa ɗaukar kayan kowa ba, shi ma a riƙa tsarguwa da shi a kasuwa.

Mun ga haka a 2021. A shekarar, gwamnatin Aminu Bello Masari ta ɗauki tsauraran matakai domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya. An hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama. An hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Safana da Batsari, har tsawon watanni. An yi abin ne domin tsaro, amma mai gaskiya ma ya ɗanɗana. Mai sayar da akuya domin ya sayi magani ya rasa kasuwa. Mai ɗa a birni ya rasa yadda zai ji muryarsa.

Shin gari yana iya wanke sunansa?

Yana iyawa, kuma an taɓa yi. Ga misali biyu.

Na farko Argungu ce, a Jihar Kabi. Kabawa da Sakkwatawa sun shafe kusan shekara ɗari suna gaba da yaƙi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci Argungu. Domin girmama shi, aka shirya babban kamun kifi. Daga nan abin ya zama biki. Gwamnati ta shigo ta tallafa, kamfanoni suka riƙa ba da kyaututtuka, baƙi suka riƙa zuwa daga ƙasashen waje suna kallon masunta a kogin Matan Fada. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Ku lura, sulhu ne ya zo da farko, biki ya biyo baya. Kuma su da abin da suka iya suka yi, wato su. Ko Argungu ma, da rashin tsaro ya yi yawa a Arewa, an yi kusan shekara goma ba a yi bikin ba, sai a 2020 aka dawo da shi.

Na biyu ƙasar Ruwanda ce, a tsakiyar Afirka. A 1994 an yi kisan ƙare dangi a can, inda aka kashe mutane kimanin 800,000 cikin kwana ɗari. A lokacin, da an ce Ruwanda sai a tuna da gawa. Bayan an sami zaman lafiya, suka kafa kotunan gargajiya a ƙauyuka domin a faɗi gaskiya a yi hukunci. Suka sa ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata ta zama ranar aikin gayya, kowa ya fito a share gari a gyara hanya. A 2008 suka hana amfani da leda. Sai a 2018 suka biya ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Arsenal ta Ingila domin ta sa sunan ƙasarsu a rigar 'yan wasa, tana gayyatar baƙi. Talla ita ce ta zo ƙarshe, bayan fiye da shekara ashirin ana aiki.

Aikin da ya rage ga mutanen gari

A yankinmu ma an soma wasu abubuwa. A watan Oktoba 2023 gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, wadda aka ɗebi matasanta daga garuruwan da abin ya shafa. A 2025 shugabannin al'umma a Jibiya, Batsari, Ɗanmusa da Safana sun zauna sulhu da mutanen daji. Ra'ayin jama'a ya rabu a kan sulhu, domin an yi wani a 2019 bai ɗore ba. Tsaron rai da dukiya nauyi ne da yake wuyan gwamnati, kuma hakkinmu ne mu riƙa tuna mata. Ba wanda zai ce wa mutumin da aka kora daga gonarsa ya fito ya yi wa garinsu talla.

Duk da haka akwai rabon da yake namu, wanda ba gwamna ko ɗan kasuwa da zai yi mana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ɗaya, mu tsare gaskiya a kasuwa. Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan tiya da dillalai su haɗa kai a kan mudu ɗaya, awo ɗaya. Wanda aka kama da algus a hukunta shi a gaban jama'a. Baƙon da ya sayi buhu ya tarar da ƙasansa kamar samansa, shi ne zai dawo da abokinsa.

Na biyu, mu san iyakokin burtali da mashaya da gandun daji, mu kuma kiyaye su. Idan an zauna an yi yarjejeniya tsakanin manoma da makiyaya, a rubuta ta. Hakimi da dagaci da arɗo kowa ya riƙe kwafi. Maganar baka tana sakewa idan masu ita suka mutu. Rubutu yana nan.

Na uku, mu riƙe baƙin ma'aikata hannu biyu. Malamin da aka turo, a sama masa ɗaki, a riƙa leƙa shi. Idan ya koma gida hutu, abin da ya gani shi zai faɗa. Gani ya kori ji.

Na huɗu, mu kula da bakinmu da wayoyinmu. Labarin hari na gaskiya a kai shi ga hukuma da sauri, kada a ɓoye. Amma jita-jita da tsohon hoto da ake turawa a WhatsApp ko Facebook, a bincika kafin a tura gaba. Labarin ƙarya guda yana iya hana kasuwa ci. Haka kuma idan abin alheri ya faru, a yaɗa shi. An buɗe makaranta, an yi girbi mai albarka, ɗiyar gari ta gama karatun jinya, duk labarai ne.

Na biyar, mu rubuta tarihinmu. Tsofaffin da suka ga lokacin da ake gina madatsun ruwa a daji suna ƙarewa. Su ne suka san sunayen tafkuna da duwatsu da kufai, da dalilin kowane suna. Kowane ajin yaƙi da jahilci yana iya sayen littafin rubutu guda, a zauna da dattijo ko dattijuwa, a rubuta abin da suka faɗa. Yaron da ya tashi bai ji komai game da garinsu ba sai harbi, zai ɗauka haka garin yake tun asali. Idan ya karanta cewa a da daga nesa ake zuwa Runka koyon kiwo, zai san akwai abin da za a koma wa.

A nan ne amfanin karatu yake fitowa fili. Wanda ya iya karatu zai karanta takardar fili kafin ya dangwala hannu. Zai rubuta wa kansila ko shugaban ƙaramar hukuma takardar koke, ya ajiye kwafi. Zai aika wa gidan rediyo wasiƙa. Garin da mutanensa ba su iya rubutu ba, wasu ne za su rubuta labarinsa, kuma abin da suka ga dama shi za su rubuta.

Sunan Runka da Safana da Batsari bai ɓaci a rana ɗaya ba, ba kuma zai gyaru a rana ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati ta kawo tsaro da hanya da adalci. 'Yan kasuwa su dawo da motocinsu. Mu kuma mu tabbata cewa duk wanda ya zo ya koma da labari mai daɗi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa mu ga lokacin da za a ambaci garuruwanmu da alheri, amin.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Da me aka san garinku a zamanin kakanninku? Da me aka san shi yanzu?
2. Wane amfanin gona ko sana'a ce garinku ya fi maƙwabta iyawa?
3. Wane ne ya fi kowa tsufa a unguwarku? Wa zai je ya rubuta abin da ya sani?
4. Rubuta jimla biyar a kan abin alheri da ya faru a garinku a bana, ka karanta wa 'yan ajinku.